Karen Baban Gareji

Baban Gareji ya yi rabin rayuwarsa a ƙarƙashin motocin mutane. Wanda ya zo nemansa ba fuskarsa yake fara gani ba, sai ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙasan mota, a kan wani kwali da ya sha baƙin mai. Gefen ƙafafun kuma kare ne a kwance.

A cikin tsohuwar taya ya tsinci karen yana ɗan kwikwiyo, duk ƙuma. Ya wanke shi, ya raɗa masa Fulogi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce ba dai a gidanta ba, don haka a gareji ya girma. Ba wanda ya koya masa gadi. Da Baba ya shige ƙarƙashin mota, sai ya zo ya kwanta. Ba mai tsallake ƙafafun nan, ba mai taɓa jak, ba mai ɗaukar sifana. Baba kan ce duk cikin 'ya'yan da ya haifa ba wanda ya taɓa gadin ƙafarsa sai wannan.

Sai gwiwar Baba ta ƙi. Aka ajiye masa kujerar roba a inuwa, yana sauraron kukan inji yana faɗin ciwonsa. Shiga ƙarƙashi ya koma hannun surukinsa, mijin autarsa, wanda kowa ke kira Siriri. Mutum ne marar hayaniya, ya kuma iya aiki, abin da shi ma bai yi wa Baba daɗi ba.

Da fari Fulogi ya zauna gindin kujera. Wata safiya ya tashi, ya yi miƙa, ya je ya kwanta gefen ƙafafun Siriri.

Baba ya yi fito, ya tafa hannu. Ya shiga sayo masa ƙashi mai tsoka. Fulogi ya zo ya karɓa, ya kaɗa jela, ya koma da shi can ya ci.

"Kai Siriri, me kake ba shi ne?"

"Wallahi Baba, ko ruwa ban taɓa ba shi ba. Ni tsoronsa ma nake ji."

Da a ce saye shi aka yi da nama, da abin ya fi sauƙi.

A garejin nan ba a kiran wanda ke ƙarƙashin mota da baki, don ƙarar inji ba ta bari ya ji. Tafin ƙafarsa ake zungura. Ran nan wani mai mota ya matsa da gaggawa, Baba ya dogara ya tashi, ya zunguri ƙafar Siriri. Gaskiya ya sa ƙarfi fiye da kima. Kafin ya janye, Fulogi ya kafa masa haƙori a ƙwauri.

Aka yi ɗinki, aka yi allura. Likitan dabbobi ya duba kare ya ce lafiyarsa lau, sai dai a sa masa takunkumi, ko a fitar da shi daga cikin mutane, ko a yi masa allurar da ba zai tashi ba. Autar ta zo garejin da kanta, ta tsaya nesa da baƙin mai.

"Baba, yau kai ne, gobe ɗan wani. A san yadda za a yi da shi."

Siriri ya durƙusa. "Baba, in ka yarda a bar min shi. Akwai fili a bayan gidanmu, sai in yi masa keji."

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ba wuya tunda ba faɗi gare shi ba.

"Ka ɗauki 'yata, ka ɗauki kwalina, yanzu kuma kare? Ga kujerar, haɗa da ita."

Autar ta fara dariya, ta ga ba wasa yake ba, ta haɗiye.

Kashe karen dai Baba ba zai iya ba. Barinsa kuma yana nufin ya wuni yana kallon abin da yake kallo. Cikin masu kawo gyara akwai wani mai gona can nesa, wanda ya daɗe yana neman kare. Baba ya aika aka kira shi. Ya gaya wa kowa don lafiyar jama'a ya yi, kowa ya ce haka ne, ba wanda ya yarda.

Ranar tafiya Baba ya buga bayan akori-kurar mai gonar ya ce, "Hau!" Fulogi ya tsaya yana kallonsa. Sai da Siriri, mai tsoron kare, ya sunkuya ya ɗauke shi ya ɗora, kuma karen bai ko yi gurnani ba. Baba ya juya ya hau faɗa a kan wata sifana da ba ta ɓata ba.

Bayan 'yan watanni mai gona ya kawo gyaran birki. Baba ya bari sai da Siriri ya shige ƙarƙashi, sannan ya yafito mai gonar.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Wa yake bi a can?"

"Ba ya bin kowa, Baba. Yarana sun yi sun gaji. Gindin tarakta yake wuni shi kaɗai."

Baba ya gyara zama, ya miƙe ƙafar mai tabo.

"To, madalla," in ji shi.