Ranar da Gwaggo Ladi Ta Hana a Ƙirga Shekaruna

Duk wanda ya zauna da Gwaggo Ladi a unguwar Ladjifarani ta garin Paraku ya san ba ta taɓa ƙyasta ashana guda cikakkiya ba. Reza take sawa ta tsaga tsinken biyu, in ya ƙi kamawa ta zagi masu yin ashanar har kakanninsu. Ni da ta riƙa tun ina ƙarama, na ga abin da ya fi wannan.

Kun tuna zuwanta Jugu saro goro? Don kada a ce ta biya kuɗin kaya a mota, sai ta goya ƙullin goro a baya, ta lulluɓe shi da zane, ta hau mota tana jijjiga shi. Da suka iso Paraku direba ya ce, "Inna, jaririn nan tun Jugu bai yi kuka ba." Ta ce, "Tarbiyya gare shi, ba irinka ba."

To, ku yi dariyarku. Ni akwai wadda har yau take ci mini rai.

Bayan Turawa sun tafi, 'ya'yan ma'aikata suka cika lakwal ɗinmu, makarantar boko ke nan, suka zo da sabon salo, wai bikin ranar haihuwa, da kek ɗin da suke kira gato, da kyandir. Ni kaɗai ce 'yar masu goro a ajinmu, ba mai zama kusa da ni, wai ina warin ganyen da ake naɗe goro. Na sa a raina in na yi nawa bikin za su ɗauke ni mutum. Ranar da aka haife ni ma ban san ta ba, wata Alhamis kawai na zaɓa. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, har Gwaggo ta yarda, da sharaɗin ba za ta sayi ko tsinke ba.

Ta kuwa cika alkawari. Gato dai masa ce ta ɗora bisa juna a faranti, ta barbaɗa sukari da yatsa biyu. Kunun tsamiya ta tsinka shi da ruwa har kina hango gindin ƙwarya. Kyandir guntu ne, aro daga maƙwabta. Duk na haƙura, don 'yan matan sun zo da rigunansu masu guga, har da Colette 'yar mai gidan waya, wadda in ta karɓe ki, aji duka ya karɓe ki. Suka ci masa, suka ce da daɗi. Wallahi ji na yi kamar ranar sallah.

Sai Colette ta ce dole a tafa sau ɗaya don kowace shekara. Suka kewaye ni, suna tafi suna ƙirgawa da ƙarfi. Gwaggo ba ta jin Faransanci, amma Faransancin ƙirga kam kasuwa ta koya mata. Ta fito daga madafa a guje, ta murje wutar kyandir da yatsu, ta dangwalo baƙin tukunya ta shafa mini a goshi, ta tofa mini addu'a a ka, yawu har kan rigar Colette.

"Wa ya aiko ku ku ƙirga mini ita? Yarinyar nan ba ta da shekaru. Ku tashi!"

Da tsintsiya ta raka su ƙofa.

Washegari duk lakwal an ji. In na shigo aji sai su shafa tawada a goshi suna tofe-tofe. Kafin damina na daina zuwa. Gwaggo ko a jikinta, ta ce dama tana neman mai taya ta yayyafa wa goro ruwa. Colette ta zama ungozoma a asibiti, ni kuwa ga ni nan gindin faifan goro kamar yadda kuke gani. Na daɗe ban yafe ba, ita kuma har ta koma ga Allah ba ta ce ta yi kuskure ba.

Sau ɗaya na tambaye ta dalili, tana kwance ciwon ajali. Ta juya fuska bango, ta ce nata 'ya'yan duk ta ƙirga musu, wata bayan wata, tana faɗa wa kowa da murna, kuma ba wanda ya kai yaye.

"Ke ban ƙirga ba. Ga ki."

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yafe miki, ni ma na yafe. Ya sa ki tarar da 'ya'yan naki sun girma.