Balangu a Ganyen Kalgo

Jama'a, yau na ga abin burgewa a kasuwar Faskari!

Na sayi balangu ina jiran baƙar leda, sai dattijon mahaucin ya ƙunshe mani shi a ganyen kalgo.

Na ce, "Baba, leda ta ƙare ne?"

Ya ce, "Ɗana, kwanan baya na yanka saniya, na iske tumbinta cike da leda, dole na zubar da shi. Tun ranar na daina."

Wallahi har na isa Tafoki naman bai yi gumi ba, ga ƙamshi! Muka cinye nama tas, akuya ta cinye ganye, juji ya kwana da yunwa.

Ku a garinku, da me ake ƙunshe nama?