Rijiyar da Kakana Ya Ɓoye wa Baƙo

Shekarar da na fara aikin malamin daji a Isa, wani Bature ya zo shata gandun daji, igiyar awonsa ta haɗa da gonakinmu na wajen Tsamaye. Hujjarsa wani tsohon littafi ne na wani matafiyi ɗan ƙasarsu, wanda ya ratsa Gobir tun Turawa ba su karɓi mulki ba. Mutumin bai bar komai ba, har tsawon dawa da takalman fatake ya rubuta. Wajenmu kuwa ya ce daji ne, ba ruwa, ba kowa. Saboda haka Bature ya ce mu baƙi ne, bayan girbi mu tashi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wanda ya yi wa matafiyin jagora. Kakana ne.

Na iske shi yana tufkar igiya. Na ce, "Tsoho, kai ka jawo muna wannan."

Ya ce, "Kai ɗan banza, mi ka sani? Zamanin yaƙi ba a nuna wa baƙo rijiya. Wanda ya san ruwanka ya san ta inda za a kawo maka hari." Ashe zagaye ya yi da shi ta cikin ƙaya, yini guda.

Na gaya masa littafin ya yabi jagoran, wai duk tafiyar ba a gamu da mai gaskiya kamarsa ba. Tsoho ya aje igiyar. Sai ya ce, "Za ni wurin Baturen."

Da sandarsa ya kai mu bakin tsohuwar rijiya, ya nuna itacen kiryar da aka gitta mata, inda igiyar guga ta ci har yatsa na nutsewa. Ni ne tafinta, da bakina na faɗi cewa kakana ya yaudari baƙonsa. Kunya kamar in nutse. Bature ya shafa itacen, ya ɗauki fensir ya soke yabon nan a littafin, aka janye igiyar awo daga gonakinmu.

Muna komawa ina ta murna. Sai da muka kusa gida tsoho ya ce, "Matafiyin nan zazzaɓi yake yi ran nan. Sau uku ya roƙe ni ruwa, ina jin ƙarar guga a bayan tudu."