Amanar da Na Kai Wa Mai Firji a Dubai

Mun tashi da asuba daga Zariya ranar goma ga azumin bana, 2019, ni da wata maƙwabciyata da ta saba zuwa Dubai sarin abaya. Ni ba sari ya fitar da ni ba, Inna ce ta aike ni. Autanmu shekara uku ke nan yana can yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani, kuma wata huɗu ya daina kiran da ake ganin fuska, sai guntun saƙon murya: lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Inna ta rame a tsaye. Ta ce in je in gan shi da idona, in gaida maigidansa, in damƙa masa amanar yaron kamar yadda iyaye ke yi. Ta haɗa kilishi da hula da turaren wuta. Na ce, "Inna, turare fa daga can ake kawo mana shi." Ta ce nata daban ne.

Hanyar Kano ana ta aiki, direbanmu yana sauka yana hawa, har muka isa filin jirgi ƙashin bayana yana kuka. Muka yada zango a Habasha, muka sauka Dubai washegari da hantsi. Jama'a, na ga gari! Filin jirgin kaɗai ya isa a naɗa masa hakimi. Amma da ƙofa ta buɗe muka fita, iskar da ta mare ni kamar an buɗe tukunyar tuwo a fuskata.

Masaukinmu a Al Ras yake, tsohuwar unguwa a bakin ruwa, inda ƙamshin kanumfari da citta ke bin mutum har kan gado. Ɗakin ƙarami ne, mai arha, kuma a matattakala Hausa kake ji ta ko'ina, ta Kano da ta Maraɗi, ana maganar kago da kwantena. Bayan shan ruwa na sayi shayin madara mai kauri a dirhami ɗaya, na sha kofi uku ban ji kunya ba. Jirgin ƙasansu kuwa ba direba. Na leƙa gaba na ga babu kowa, na kama ƙarfe ina salati, maƙwabciyata tana ta yi mini dariya har muka sauka a Al Rigga.

A nan ƙanina ya same mu. Ya yi baƙi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce mu je in ga ɗakinsa a Al Khabaisi, ya ce ɗakin maza ne su shida. Na ce to mu je wajen aiki, ya ce da nisa. Kwana biyu yana yi mini hanya-hanya. Rana ta uku na tsare shi.

"Kai, ni fa na goya ka. Ko ka kai ni wajen maigidanka yau, ko in kira Inna yanzu ka yi mata bayani."

Ya ce da guntun Larabcin da ya koya a can, "Yalla, Yaya, mu je."

Bayan la'asar muka shiga mota zuwa wata unguwa mai manyan gidaje da bishiyoyin dabino. A ƙofar wani gida na ga firji a tsaye a waje, ƙarƙashin rumfa, ba kwaɗo, ba mai gadi. Wani mai shara ya zo ya buɗe, ya ɗauki ruwa da kindirmo da ayaba, ya rufe ya wuce. Wani lebura ya zo a keke, shi ma haka. Na ce wa ƙanina ina mai karɓar kuɗin? Ya ce babu, na kowa ne, cikin azumi ake ajiye su don ma'aikatan da ke wuni a rana. Na tsaya baki buɗe. A unguwarmu ko randar masallaci sai an ɗaure mata moɗa da sarƙa.

Wata mota ta tsaya, wani dattijon Bature ya fito cikin gajeren wando, fuskarsa ja wur, yana sauke katan-katan na lemo da tuffa, matarsa tana taya shi. Ƙanina ya yi gaba ya karɓe masa. Na ce a raina, shi ke nan, ga maigida. Na gyara mayafi, na durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi, na miƙa saƙon Inna da hannu biyu, na zuba jawabin da na haddato da Turancina na makaranta: ga yaro nan amana, in ya yi kuskure a tsawata masa, uwarsa tana godiya da riƙon da ake yi masa.

Dattijon ya rikice. Shi ma sai ya durƙusa, gwiwarsa tana ƙara, muka zama mu biyu a ƙasa muna kallon juna. Ya ce shi ba maigidan kowa ba ne, malamin makaranta ne daga Ostareliya. Ya nuna ƙanina ya ce, "In ma akwai shugaba a nan, ga shi. Firji bakwai ne a unguwar nan, ba don shi ba da zafi ya kashe rabinsu." Na tambaya wane kamfani ne ya ɗauke su. Ya ce babu kamfani, babu wanda ake biya.

Na juya na kalli ƙanina. Ya sa kai cikin firji yana jera ruwa, ya ƙi fitowa.

Matar ce ta kama hannuna ta ja ni inuwa. Nas ce a wani asibiti, kuma tana magana a hankali yadda zan gane. Ta ce kamfanin da yaron ke aiki ya rufe tun wata huɗu, yana zaune ne da bizar neman aiki. A farkon azumi sun lura da wani mutum, ƙanin nawa ke nan, yana zuwa kullum ya tsaya can tsallaken titi, ya kalli firjin, ya tafi bai taɓa ba. Ƙa'idarsu ita ce in sun cika firji su shige gida, don kada mai ɗauka ya ga idon mai bayarwa, amma wannan ko an shige ba ya matsowa. Sai mijin ya hango jakar kayan aiki a kafaɗarsa. Washegari ya kwance wata waya a bayan firjin da gangan, ya tsaya yana susar kai, ya yafito shi ya taimaka. Da ya gyara, suka ce ai wanda ya yi aiki dole ya ci abinci. "Bai san na gaya miki ba," in ji ta, "kuma bai san da maganar wayar ba."

Wallahi na yi kuka. Na yi na tausayin ƙanina, na kuma yi na mamaki. Mutanen nan ba azumi suke yi ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma sun san kunyar ɗa namiji har sun nema mata mayafi.

Da aka sha ruwa muka zauna a farfajiyarsu, dattijon ya ɗora hular da Inna ta aiko a karkace, kilishi yana sa shi hawaye yana ƙara ɗauka. Na tambaye shi me ya kai su wannan wahala. Ya ce a ƙauyensu haka suka taso. In daji ya kama da wuta, masu kashewa manoma ne da malamai da masu shago, ba wanda ke karɓar albashi, mahaifinsa ma ya yi har ya tsufa. Masu tsaron masu wanka a bakin teku ma da yawansu haka. Na ce ai wannan aikin gayya ne, mu ma muna da shi, ko in ce mun taɓa yi. Ya yi dariya ya ce su ma abin yana sauyawa: 'ya'yansu suna da kyauta, in masifa ta auku nan da nan za su tura taimako ta waya, amma a ce mutum ya ba da yammacinsa duk mako, sai ka ga masu furfura sun fi yawa. Matar ta ce kada ya zalunci yara, haya da aiki sun sha musu kai, kuma in an kira su ga abu takamaimai suna fitowa. Suka yi ta musu kamar mu.

A hanyar komawa na ce wa ƙanina ya haɗa kayansa mu tafi gida tare. Ya ce, "Yaya, saura wata biyu bizar. In ban samu aiki ba, shi ke nan, zan dawo da ƙafata. Amma ba zan bar firjin nan cikin azumi ba. Don Allah kada ki gaya wa Inna." Na ce ban yi alkawari ba.

Kwana takwas muka yi. Maƙwabciyata ta cika jakunkuna da abaya, ni dabino kawai na saya. Tun daga Kano har Zariya ina juya abin da zan faɗa. Tafiyar nan ta nuna mini cewa mun iya ba da sadaka, amma sau da yawa sai mun tara mutane a ƙofar gida sun yi layi kowa na gani, kuma lokacinmu ya fi kuɗinmu wuyar fita.

Na tarar da Inna a kan darduma. Ko mayafi ban cire ba ta ce, "Kin gan shi?" Na zauna na gaya mata komai, ban rage ko ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "Yana roƙo?" Na ce a'a, Inna, shi ake jira. Ta share ido da bakin zane ta ce, "To kira mini shi, irin kiran da ake ganin fuska. In ya ƙi ɗauka, ki ce na riga na sani."

Ya ɗauka.