Yadda Na Yi Wa Soji Kiɗa

Kalangu na gada a gidanmu, mahauta nake yi wa kiɗa a kasuwar Zangon Damagaram. Shekarar da kurkunu ya kwantar da makaɗin sojin Nasara, sarjan ɗinsu ya zo da tafinta har rumfar nama, ya nuna ni da bulala. Tafinta ya ce, "Malam, ai kiɗa kiɗa ne. Tashi."

A bariki aka rataya mini gangarsu, tambur, tana reto a cinya, aka ba ni sanduna biyu. Shi kalangu a hammata yake magana, kana matsawa kana saki. Wannan kuwa ba abin matsawa, amma hammatata ba ta ji labari ba. Ina kiɗa gwiwar hannuna na bugun haƙarƙari kamar zakara zai yi cara. Sarjan ya daka tsawa, "Gosh!" Na dafa goshi. Ashe ƙafar hagu yake nufi.

Tafiyar ce ta fi ba ni wuya. In na gyara hannu ƙafa ta ɓace, in na kama ƙafa sandunan su sarƙe. Sau biyu na taka dugadugan na gabana.

Kawuna masaƙi ne a Birni. Da na kai masa kuka ya yi dariya har da tari, ya ce, "Zauna nan, ɗana." Ya ɗora ƙafafuna kan sandunan da ake takawa, ya miƙo ƙoshiya mai ɗauke da zare.

"Taka dama, jefa. Taka hagu, cafe. Kar ka dubi ƙafa, ta san hanya."

Kwana shida ina ɓata masa zare. Abin da na saƙa ko akuya ba za a ɗaure da shi ba, amma ƙafa da hannu suka daina faɗa.

Ranar da kumandan zai duba soji muka fito cikin gari, ina gaba, komai daidai. Muna zuwa kasuwa sai mahauta suka hango ni. Wani ya ɗaga wuƙa ya yi kururuwa, sauran suka amsa. Wallahi ban yi niyya ba, hannuna ne ya zame cikin taken mahauta. Ƙafata dai tana gosh ɗinta. Na waiga, sai ga soji suna tafe a jere, kafaɗu na rawa, wani kofur har da lumshe ido.

Kumandan ya tsai da doki ya tambayi ko mene ne wannan. Tafinta, Allah ya jiƙansa, bai ko ƙifta ido ba ya ce kiɗan da mutanen ƙasar ke girmama babban baƙo da shi ke nan. Kumandan ya shafa gashin baki, ya ce a riƙa yi masa duk fita.

Wata uku na yi ina kaɗa masa taken fawa, yana bisa doki yana gyaɗa kai. Sarjan ya gane, amma bai iya faɗa wa kumandan ba. Har na bar bariki bai ƙara yi mini magana ba, sai harara.