Sunan da Na Ƙi Kira

Da hantsin Talata, 12 ga Maris, 2019, Allah Ya karɓi ran mahaifin Injiniya Dennis Pruitt a gidan ɗan nasa kusa da Jebel Ali a ƙasar Larabawa, yana da shekara casa'in da huɗu. Ni ce Sabuwa, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi, Baba nake ce masa.

Baba, kana ɗan shekara goma sha tara, a yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka suka zaunar da kai a wutsiyar jirgi mai jefa bama-bamai, kai da bindiga, fuskarka na kallon baya. Ka ce ba ka taɓa ganin inda za ku ba, sai garuruwan Jamus da kuka baro suna ci da wuta. Ban taɓa jin ka yi alfahari da wannan ba. Ranar da aka harbo jirginku ku goma ne a ciki, kai kaɗai lemar dirowa daga jirgi ta sauke da rai.

Rigimarka a kan shan magani sai wanda ya gani. Amma in azumi ya kama ba ka yarda ka ci komai a gabana, har dabino kake ɓoye mini a aljihu.

Ka gaya mini a sama matuƙi yakan kira kowa da sunansa, a amsa, don a san mutum yana numfashi. Shi ya sa kullum da safe kake kiran abokanka tara da suka mutu a jirgin ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina amsa musu, "Ina nan." In ka gama sai ka ce, "Saura ni. Kira ni."

Sai in ce, "Baba."

A gidanmu a Zariya ba a kama sunan babba gatsal. Ni a ganina girmama ka nake yi. Kana amsawa kuwa, amma a sanyaye.

Safiyar Talatar nan ka riƙe hannuna ka ce, "Tun da matata ta mutu ba wanda ya kira ni da sunana. Duk wanda ya san shi ya tafi."

Dariya na yi. Na ce, "Yalla, maza Baba, sha maganinka, khalas, shi ke nan. Gobe inshallah zan kira." Na shiga kicin haɗa maka shayi. Ko da na dawo, ka riga ka cika.

Na yi laifi, kuma abin yana cina. Abu guda ka roƙe ni, na fifita kunyata a kanka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dennis da iyalinsa, Allah Ya ba su haƙuri. Kai kuwa na bar ka ga Mahaliccinka, Shi Ya san nadamar da ka kwana da ita tsawon rayuwa. Ni ma Allah Ya yafe mini.

Yau da safe na kira su tara ɗin, na amsa musu. Saura kai.

Lester, kana nan?