Fiyus ɗin da Hamza ya jira

Shekara bakwai ke nan da aka yi wa ƙanena Hamza salla a Harami, amma har yau in na ji ƙarar jirgi a talabijin sai na waiga kamar zan gan shi yana ɗaga kai. Ni na goye shi a unguwar Jarwal ta Makka, ni na yi masa aure, kuma ni na fi kowa yi masa faɗa.

Mai gyaran wutar mota ne a unguwar Mansur. Makka ba ta da filin jirgi, shi kuwa jirgin ne ya shiga ransa tun yana yaro. Da ya manyanta sai ya samu wani fili mai katanga a bayan gari, ya shiga ƙera ɗan ƙarami mai kujera ɗaya da injin mota. Duk Juma'a bayan la'asar can za ka same shi, jallabiya duk baƙin mai. Nakan ce masa, Hamza, mutane daga ko'ina suna neman zuwa garin nan, kai kana neman abin da zai ɗaga ka daga cikinsa! Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, zagaye ɗaya zan yi in dawo in ci tuwonki."

Ya gama komai, saura abu ɗaya. Akwai wata waya mai kauri da ta tashi daga dainamo, abin da ke cajin batir, ta tafi batirin. Ya ce dole a sa mata fiyus daidai ƙarfinta dab da batir, don in ta goge ta taɓa ƙarfe, fiyus ɗin ya ƙone kafin ita ta kama wuta. Na mota bai yi masa ba. Ya aika a sayo masa daga waje, aka shiga jira.

Abokan aikinsa suka yi ta tsiya. Su in fiyus ya ƙone, zaren waya suke ɗaurawa mota ta tashi. Suka ce ɗaura mana mu ji injin kawai, ai ba tashi za ka yi ba. Ya ce mai mota in ya ga hayaƙi gefen titi zai gangara, na sama ina zai gangara? Kuma hannun da ya ɗaura a ƙasa wata rana zai ɗaura a sama. Ko makulli bai murɗa ba.

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi bayan Ƙaramar Salla, bai tashi ba. Muna zaman makoki a gidan da yake haya a unguwar Shisha aka ƙwanƙwasa, aka miƙo ɗan kwali da sunansa. Wallahi ranar na ji haushinsa har cikin raina. Ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsana ba, shi ya hana mutum jin kukan injin da ya ba wa ƙuruciyarsa! Na jefa kwalin cikin durowa, na ce kada wanda ya ƙara yi mini zancen jirgi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ana latsa waya, kaya su iso kafin ka manta ka saya. Da a wannan zamanin ne, da ya ji injinsa. Wannan tunanin shi ya fi cin raina.

Bara ɗansa Anas, wanda ya gaji shagon gyaransa, ya zo ya ce zai tayar da injin. Hausarsa a karye take, Amma yake ce mini maimakon Gwaggo, amma taurin kan na ubansa ne sak. Na ce na rasa ɗaya, ba zan ba da na biyu ba, gara a kira masu gwangwan su kwashe. Ya ce, "Amma, tayarwa kawai, halas, shi ke nan." Da na ga babu makawa, na ɗauko kwalin na ce ƙafata ƙafarsa.

Ya ɗaura fiyus ɗin a gurbin da uban ya bari, ya shiga kujera. Injin ya yi tari, ya kama. Ya Salam! Ƙasa na rawa, mayafina na tashi, ni kuwa kuka nake ina kiran sunan Hamza. Can sai muka ji tas, ga ɗan hayaƙi. Anas ya kashe ya diro.

Zafin shekaru ya busar da robar wayar nan mai kauri, girgiza ta sa ta taɓa ƙarfe, dab da tiyon fetur. Fiyus ɗin ya ƙone, wayar ba ta kama ba. Anas ya nuna mini wurin. Na zauna a ƙasa.

Jirgin bai taɓa tashi ba, ban kuma san ko zai tashi ba. Hamza bai bar gida nasa na kansa ba, bai bar suna ba. Ya bar gurbi ɗaya a jikin ƙarfe wanda ya ƙi cikewa da abin da bai dace ba, saboda wannan gurbin ne ɗansa yake cin tuwona duk Juma'a. Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana, ya sa ka huta.

A ranar, wani tsohon abokin Hamza da ya zo kallo ya ce a gyara wayar, a ɗaura zare a sake ji ko sau ɗaya. Anas ya dube ni. Na ce masa, aika a sayo wani. Ba mai murɗa makullin nan sai ya iso.